Bakin Tekunmu na Kubanni

Ni na jawo wa kaina, ba wanda ya aike ni. Abokina ne ya zo hutun Babbar Sallah daga Legas, ya cika mana kunne da labarin bakin teku. Wai a Elegushi, can Lekki, mutum zai biya kuɗin shiga, ya miƙe ƙafa a kan rairayi, iska na kaɗa shi, ana kawo masa abin sha mai sanyi. Duk na jure, har sai da ya ce, "Ku nan Zariya ina kuke zuwa shan iska?" Zuciya ta ɗebe ni na ce ai mu ma muna da bakin ruwa. Ban kuwa yi ƙarya ba. Kubanni ruwa ne, ko da yake da rani akuya kan ƙetare shi ba ta jiƙa ƙofato ba.

Bayan isha'i na goya shi a babur, sai teburin mai shayinmu, kusa da gadar da ke tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari. Wurin ba shi da suna, ba shi da allo. Rumfar buhu ce, da tebur mai dalar gwangwanayen madara da Bournvita waɗanda rabinsu ba komai a ciki, da rediyo da aka ɗaure masa baya da roba. Abin da ke kai mu can shi ne ba mai tambayar ko kai wane ne. Malamin jami'a daga Kongo da ɗan acaɓa benci ɗaya suke zama, kofi ɗaya ya kai mutum awa uku ba mai hararar sa. Akwai wani dattijo da ya yi aikin ɗab'i a Kamfanin Gaskiya, wanda ko musun ƙwallo ake yi sai ya tuna mana cewa tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a garin nan, kafin a haifi uban mai musu da shi.

Amma bencin nan yana da doka. Katakonsa ya zarce ƙafafunsa da kusan kamu guda ta kowane gefe, don haka duk mai nauyin da zai miƙe sai ya ce, "Zan tashi!" domin na bakin benci ya gyara. Shekara shida na san wannan doka. Ranar dai, don girmama baƙo, na ba shi tsakiya, ni na ɗosana a can ƙarshe, ta ɓangaren gangaren rafi, cikin shaddata ta Sallah.

Na ɗaga murya yadda na Legas zai ji: "Haɗin kauri biyu, Indomie da ƙwai uku-uku!"

Mai shayi ya sheƙa shayin daga kofi zuwa kofi, tsawon hannu guda ba ɗigon da ya zuba, sannan ya jawo littafin nan mai maiƙo. "Malam, a ɗora a kan na watan jiya, ko a buɗe sabon shafi?"

Na yi kamar rediyo nake saurare.

Can musu ya kaure a kan Arsenal. Abokina ya miƙe wai zai ɗauki hoton "tekun" da waya. Direban tifar da ke ɗaya ƙarshen, wanda shi kaɗai ya kai buhun masara biyu, ya fusata da wata magana, ya zabura ba sanarwa. Abin da na iya tunawa shi ne na ga benci a sama, taurari a ƙasa. Na gangara cikin taɓo da kofi a hannu, shayin ya bi wuyan riga har cibiya, takalmin ƙafar hagu kuma ya yi gaba. An sha ruwan sama da la'asar, Kubanni ya kawo, ya karɓe shi hannu bibbiyu.

Aka yi "Sannu Malam" sau ɗaya tak, don sauke nauyi, sannan wuri ya ɓarke da dariya. Dattijon Gaskiya ya ce a zamaninsu da wannan ya shiga shafin farko. Mai shayi ya leƙo da tocila: "Kofin dai bai fashe ba ko?"

Abokina bai ƙara ambatar Elegushi ba. Kwana tara ya yi a Zariya, kullum yana can tsakiyar benci, har shi ke fara cewa "Zan tashi!" Sai bayan ya koma na gane duk abin da ya ci a shafina aka rubuta.

Jama'ar da ke noman rani a bakin Galma, inda Kubanni ke zubawa, don Allah wanda ya tsinci baƙin takalmi sau-ciki, ƙafar hagu, lamba 43, ya kai wa mai shayin bakin gada. Kada dai ya ba shi a hannu, zai riƙe shi jingina.