A Takarda, Duk 'Ya'yanmu Na Kirki Ne

Tun da aka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin jami'a, majalisarmu ta ƙofar gidan tsohon hedimasta ba ta da wata hira sai ta ɗan gidan Alhajin bayan layi. Kowa ya san yaron. Makarantar sakandare biyu suka sallame shi, ɗaya a kan ya mari malami, ɗayar kuma har yau ba a faɗin dalilin sai an rage murya. Shi ne aka ba gurbin karatun likita. 'Yar tela kuwa, wadda ta fi shi maki a JAMB, aka tura ta wani fannin da ba ta taɓa nema ba.

"Ni ba makin ne ya fi ƙona mini rai ba," in ji tela. "Yaron da ya ɗaga hannu ya mari malaminsa, shi za a ba wuƙa ya yanka mutane? Wallahi a ƙasar Turawa ko ƙofar jami'a ba zai gani ba."

Mu dai haka muke, duk abin da ya lalace a nan sai mu ɗauka can a gyare yake. To ranar an yi rashin sa'a, ƙanen mai kemis da ya yi karatu a Amurka yana zaune, muna ce masa Dakta ko da yake ba na allura ba ne.

"Kawu, rabin maganarka gaskiya ce," ya ce. "A 2017 jami'ar Harvard ta janye gurbin ɗalibai aƙalla 10 da ta riga ta ɗauka, saboda hotuna da barkwancin batsa da cin mutunci da suka riƙa turawa juna a wani zaure na Facebook. A 2019 ma ta janye na wani yaro da aka tono kalaman wariyar launin fata da ya rubuta yana shekara 16."

Tela ya gyara zama. "Ka ji ko! Mutanen da suka san abin da suke yi."

"Tsaya tukuna, Kawu. Waɗannan an kama su ne da hoton abin da suka rubuta, babu yadda za a yi a musa. A watan Maris na 2019 ɗin nan aka gurfanar da mutum 50 a kan wata badaƙala. Wani dillali mai suna Rick Singer ya karɓi kusan dala miliyan 25 daga hannun iyaye masu kuɗi. Wani yaron a gyara masa amsoshin jarrabawa, wani a ɗauki fuskarsa a liƙa a jikin ɗan wasa a ce gwani ne, a ba kocin jami'a cin hanci ya sa hannu. 'Yar fim Lori Loughlin da mijinta sun biya dala 500,000 aka shigar da 'ya'yansu mata biyu jami'ar USC a matsayin masu tseren kwale-kwale, alhali ba sa wasan."

Direban da ke jigilar Kano zuwa Zariya ya fashe da dariya. "Ashe su ma suna da masu cewa kawo na goro in san yadda za a yi."

"Suna da su, sai dai nasu goron da tsada. Ita Loughlin wata uku ma ba ta yi a gidan yari ba, wata biyu aka yanke mata. Abokiyar sana'arta Felicity Huffman, da ta biya dala 15,000 a gyara wa 'yarta jarrabawa, kwana 14. Ku haɗa da wata baƙar fata a jihar Ohayo a 2011, da aka yanke mata kwana 10 don kawai ta yi amfani da adireshin mahaifinta ta sa 'ya'yanta a makarantar gwamnati mai kyau."

Nan aka ɗan yi shiru, kowa na lissafi. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda Dakta ya ƙara daga baya, cewa duk waɗannan da aka ɗaure a badaƙalar Singer ƙananan masu kuɗi ne, don manyan ba sa bi ta taga. Mahaifin Jared Kushner, surukin Trump, ya yi wa Harvard alƙawarin gudummawar dala miliyan 2.5 a 1998, ba a jima ba ɗansa ya samu gurbi. Danginsu sun ce babu haɗi tsakanin abubuwan biyu, kuma babu dokar da aka karya. Takardun da aka fito da su a wata shari'a da aka yi da jami'ar sun nuna 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta, kusan ɗaya cikin uku na masu nema ake ɗauka, sauran jama'a kuwa wajen shida cikin ɗari. Wannan a fili ake yi, da rasit.

"To ai shi ya sa nake cewa a duba hali," tela ya dage. "A bar kuɗi, a bar maki kaɗai, a duba tarbiyya."

Sai a nan hedimasta ya ajiye carbinsa. Mutum ne da ba ya saurin magana, in ya fara kuma ba a katse shi.

"Wa zai duba?" ya ce. "Dakta, gaya masa yadda aka fara duba halin a can."

Dakta ya ce a 1922 Yahudawa sun haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard, saboda suna cin jarrabawa. Shugaban jami'ar na lokacin, Lawrence Lowell, ya so a ƙayyade musu adadi a fili, aka ƙi. Sai aka koma tambayar hali, da wasiƙun shaida, da ganawa ido da ido, adadin nasu ya sauka ba tare da an rubuta sunan kowa a doka ba. Kusan shekara ɗari bayan haka, 'yan asalin Asiya suka je kotu suna ƙorafin cewa makin ɗabi'a da ake ba su ya fi na kowa ƙasa, ko da sun fi kowa cin jarrabawa. Har ila yau, fom ɗin bai-ɗaya da ɗaruruwan jami'o'in Amurka ke amfani da shi ya cire tambayar ko an taɓa hukunta ɗalibi a makaranta daga 2021, domin an ga baƙaƙen fata sun ninka farare amsa e.

"Ba don sun fi rashin ji ba," hedimasta ya karɓe. "Don laifinsu ne ake rubutawa. Ni na riƙe baƙin littafi na makaranta shekara da shekaru, na san sunan wa ke shiga."

Daga nan ya juyo kanmu, kuma babu wanda ya ji daɗi. Ya ce tun da ya fara sa hannu a tastimoniyal bai taɓa ganin wadda aka rubuta yaro ba shi da kirki ba. Dubban takardu, kowane yaro mai ladabi, mai gaskiya, mai biyayya. In ka tara su ka karanta sai ka rantse mala'iku muke yayewa. Dalilin kuwa mu ne. Yaro zai yi abin kora, da daddare ubansa ya yi sallama, ba shi kaɗai ba, da liman da mai unguwa da wani dattijo da ba a iya kallon idonsa a ce a'a. Ba sa cewa yaron bai yi ba. Cewa suke, Malam, a rufa asiri, ƙuruciya ce, kada a ɓata masa takarda. Sai a ba uban shawara ya janye ɗansa da kansa, a rubuta canjin makaranta, fayil ya fita fes.

"Wanda ake kora da takarda," ya ce, "shi ne wanda uwarsa ta zo ita kaɗai da mayafi, ta durƙusa a bakin ofis."

Direba ya yi ƙoƙarin kare mu, ya ce ai rufin asiri addini ne. Gaskiya ne, kuma ban ga wanda zai so a tona na ɗansa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muke rabon rufin asirin, daidai da yawan manyan rigunan da uba zai iya tarawa a dare ɗaya. Ɗan Alhajin bayan layi bai yaudari jami'a ba. Takarda mai tsabta ya kai musu, kuma a cikin waɗanda suka raka ubansa neman ta har da mutum biyu da ke zaune a kan tabarmar nan suna jinjina kai. Ban faɗi suna ba, su ma ba su ɗago ba.

A ƙa'idar jami'o'in tarayya ma babu gurbin hali. Kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Tun 2017 JAMB ta kawo tsarin CAPS don kowane gurbi ya bi ta kwamfuta. Duk da haka, lokacin admishan ya yi, wa a cikinmu bai taɓa neman 'yar takarda daga wani Yallaɓai ba? Ranar yaye ɗalibai ne kawai za ka ji an miƙe da babbar murya ana shelar an same su sun cancanta a hali da ilimi, mu kuma mu yi tafi.

Liman, da ya iso ana tsakiyar wannan, ya ce shi tambayarsa ɗaya: yaron da ya yi ta'asa yana shekara 16, an rufe masa ƙofa ke nan har abada? Dakta ya ba shi labarin Michelle Jones, wadda ta yi fiye da shekara 20 a kurkukun jihar Indiyana saboda kashe ɗanta mai shekara 4. A can ciki ta yi digiri, ta zama mai binciken tarihi da malaman fannin ke yabawa. A 2017 sashen tarihi na Harvard ya zaɓe ta ta yi digirin digirgir, manyan jami'ar suka soke, jami'ar NYU ta ɗauke ta.

Majalisa ta rabu biyu. Liman ya ce ta biya bashinta, kuma ba ta ɓoye komai ba, ta fi masu fayil mai tsabta na ƙarya sau dubu. Direba ya ce shi dai ba zai so ta koyar da 'yarsa ba. Tela ya ce shi bai hana kowa tuba ba, amma a je a tuba a wani sashen, ba dole sai a ajin likitanci ba.

Hedimasta ya ce da shi ke da iko, ba zai tambayi firinsifal ba, don ya san abin da firinsifal zai rubuta. Yaron zai sa ya zauna ya rubuta da hannunsa abin da ya yi, da wanda ya cuta, da abin da ya yi don ya gyara. Wanda ya ɓoye aka gano, a kore shi ko yana shekarar ƙarshe. Wanda ya faɗa, a duba shi kamar kowa.

"A garin nan, Malam?" in ji direba. "Kafin sati ya zagayo za ka ga an buɗe shago a bakin ƙofar jami'a, da allo: ana rubuta takardar nadama. Ta gama-gari dubu biyu, mai sa kuka dubu biyar."