Tsakiyar da Maigida Ya Auna

Maigida yana koyarwa a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, Uwargida kuma malamar jinya ce a Gwandu. To, ina za a kafa gado?

"Maigida, mu zauna Gwandu. Ga iyaye, ga hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo, ga albarka."

"Hajiya, albarka ba ta shiga tankin mota."

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, gardamar ma'aurata ta koma hannun mai zuba lita. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai wa surukai ƙara. Dattawa suka yi gyaran murya suka ce a raba tsakiya, a kama haya a Birnin Kebbi. Hujjarsu? Sarkin Gwandu ma can fadarsa take, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Sai dai wannan tsakiyar, da igiyar Maigida aka auna ta. Shi kafin shayinsa ya huce ya isa Kalgo. Ita kuwa tun asuba tana tasha, abin karin kumallonta a leda, tana jiran fasinja na ƙarshe. Direban Gwandu har ya fara tambayar ta yaya yara.