Masu Jinyar Ciyawa a Kalifoniya

A Afrilun 2015, fari yana shekararsa ta huɗu, Gwamna Jerry Brown ya umarci biranen Kalifoniya su rage amfani da ruwa da kashi 25 cikin ɗari. Wadda ta fara ji a jikinta ita ce ciyawar ƙofar gida, wadda a Amurka ba don akuya ake shuka ta ba, mutuncin maigida ce. Nan fa halin kowa ya fito.

Akwai Sarkin Zaƙewa. Kullum da tsakar rana sai ya yi mata yayyafi, rana ta lashe rabi, saura ya tsaya a sama, saiwa ta ƙi nutsawa. Ya aske ta ƙwal, ya bi ta da taki, wai ta samu ƙarfi. Tasa ce ta fara ƙonewa, ya ce laifin gwamnati ne.

Mai Bokiti kuwa iyalinsa ne suka shiga uku. Ba mai wanka sai da bokiti tsakanin ƙafafu, ruwan wanke shinkafa ma yana da lissafi.

Ɓarawon Dare yakan fito da tiyo ƙarfe biyu, cikin rigar barci, yana waige-waige. Ya manta cewa gari zai waye, a ga tasa kore shar a layin da ta kowa ta yi ja. Wanda zai fara gani shi ne Ɗan Sa-ido, da wayarsa a hannu. Tun da ya ji cewa ruwan da ya malala kan titi yana iya jawo tarar dala 500, ya daina barcin kirki. Ba ruwan ne ya dame shi ba, tsohuwar gaba ce a kan wurin ajiye mota.

Mai Fenti ya yanke wahala: ya kira kamfani aka fesa wa busasshiyar ciyawa koren launi.

Ni dai gwanina Malalaci. Ciyawa in ta yi ja sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, kwanciya ta yi. Abin da take so kaɗan ne: a bar ta da tsawo, kada a tattake ta, a jiƙa ta da asuba bayan mako biyu ko uku. Shi bai san haka ba, ƙiwuya ce kawai. Da ruwan sama ya sauka tasa ta farfaɗo, maƙwabta suka zo neman shawara, shi kuma ya gyara zama ya fara bayarwa.