Goman da ta zama goma sha takwas

A Bazaga, ɗan kokowa ya san inda ya dosa. In ya kā da maza a Ƙonni, Tawa zai tsaya wa a kokowar takobi, wadda aka fara a garin Tawa a 1975. Jihohin da ke fafatawa takwas ne, kuma kowa ya ƙirga takwas zai samu.

Jami'o'in Amurka kuwa lissafi ya kuɓuce musu. Rukunin wasanninsu mai suna Big Ten, wato manya goma, mambobinsa 18 ne tun 2024. Dalili? A 2022 tashoshin Fox da CBS da NBC suka ƙulla yarjejeniyar dala wajen biliyan 7 da shi, sai jami'o'in USC da UCLA, daga baya Oregon da Washington, suka tattara komatsansu daga rukunin Pac-12 suka koma cikinsa. Da wasu ma suka fice, rukunin da ke da 12 ya wayi gari da biyu rak a 2024.

Yanzu ɗaliba mai wasan ƙwallon raga a Los Angeles sai ta yi tafiyar kusan kilomita 4,000 zuwa New Jersey don buga wasa, ga jarrabawa tana jiranta. Stanford ma, da ke gaɓar tekun Pasifik, an rubuta ta a rukunin gaɓar Atlantika, ba wanda ya yi ko tari.