Yadda Sabon Tsarin Waya Ya Ci Hulata

Ina zaman zamana da wayata, iPhone 11 'yar gwanjo da na saya a Farm Centre, sai ɗan yayata ya leƙo ya ce, "Kawu, har yanzu kana kan iOS 18? Ai 26 ya fito." Gabana ya faɗi. Na ƙirga da yatsu, har bakwai sun wuce ni ina barci! Sai daga baya na gane lamba kawai aka sauya a 2025, aka yi tsalle daga 18 zuwa 26 don ta dace da shekara mai kamawa.

Yaron bai bar ni haka ba. Ya ce masu iPhone ba sa jira, domin duk Satumba Apple kan tura wa duk wayar da ke iya ɗauka sabon tsari a rana ɗaya, kafin 'yan watanni mafi yawansu sun hau. Masu Android kuwa sai Google ya gama nasa, kamfanin da ya ƙera wayar ya yi kwaskwarimarsa, wata wayar ma har ta tsufa bai iso ta ba. Ni kuma na ƙi jinin a ce an bar ni a tasha.

Da farko wayar ta ce babu wuri. Na goge hotunan sunan 'yata kaf, na bar wa'azi uku saboda tsoron Allah. Na sayi data, ga ta da tsada tun ƙarin farkon shekarar. Sai kuma ta ce a jona mata caji, alhali tun azahar aka ɗauke wuta.

Haka na nufi teburin mai shayin layinmu, mai ƙaramin janareta. Na jona, na ce a dafa Indomie da ƙwai biyu, a haɗo shayi mai kauri, aljihuna babu ko sisi tunda taransfa zan yi. Na danna.

Fuskar wayar ta yi baƙi, sai tuffa da wani siririn layi da ke tafiyar hawainiya. Na cinye, na suɗe cokali, layin bai kai rabi ba.

"Alhaji, ka tura?"

"Malam, wayar tana sabunta kanta ne."

Ya ciro tasa daga aljihu, duk ta sha salatif, ya ce, "Wannan shekararta huɗu, ba ta taɓa neman sabuntawa ba. Tura min dai."

Sha ɗaya saura wayata ta farfaɗo, komai na ƙyalli kamar gilashi. Har na fara murmushi. Na buɗe manhajar banki, ita ma ta ce sai an sabunta ta, data kuwa ta ƙare ƙurmus.

Hulata Zanna Bukar ta kwana jingina a bayan gwangwanayen madarar mai shayi. Na shiga gida kai ba hula, uwargida ta tare ni a tsakar gida, ta ce in tura wa ƙanwarta hotunan suna.