Ɗan Barnawa a Kan Dala

Mu mutanen Barnawa, tudun da muka saba hawa shi ne gadar Kogin Kaduna, ita ma a cikin Keke Napep. Sai ga ni a Kano da hunturu, abokina ya ce mu hau Dala. Na hango dutsen na ce, "Wannan ɗan tsibin?"

Ban kai rabin matakala ba, ƙura ta toshe min maƙoshi, gwiwoyi suka fara gardama. Wata mai tallar gyaɗa ta wuce ni da faranti a ka, ta ce, "Sannu Baba." Baba fa!

A sama kuwa hazo ne kawai, ko Goron Dutse ban hango ba. An ce Barbushe, bokan da ya zauna a kan Dala a zamanin da, ba kasafai yake saukowa ba. Ai dole, wa zai sake hawa?