Taubashi, Wa Ya Koya Maka Lamɓo?

Taubashi, ƙanwarka ta tona maka asiri. Ta ce daren Juma'a ka yi kabbara har maƙwabta suka leƙo, ashe wai kati biyu masu harafin A aka raba maka a kartar poker ta intanet. Na yarda abin murna ne. A wasan Texas Hold'em babu hannun farawa da ya fi wannan, sau 1 cikin rabo 221 yake zuwa, kuma idan ku biyu ne kana da kusan kashi 85 cikin 100 na cin wanda ya riƙe kowane irin kati.

To sai wayonka ya motsa. Maimakon ka ƙara kuɗi tun farko, ka sa abokin karawarka ya saya da tsada, sai ka yi lamɓo, wai kai mai ɗana tarko. Kai da ko ƙosan sadaka aka ba ka sai unguwa ta ji!

Ka ce ai ba ya ganin fuskarka. Gwani ba ya bukatarta. Tun ɗazu yana lura: idan hannunka banza ne kakan tura kuɗi da sauri kana burga, idan ya yi kyau sai ka yi jinkiri, ka bi a hankali. Da 7 da 8 ya shigo, a arha. Aka buɗe 6, 9 da 2, ka bar shi ya ga na huɗu kyauta. Sai ga 10. Jeri biyar ya haɗu, ya danne tagwayenka. Da ya ƙara kuɗi mai yawa, mutumin da bai yi burga ba duk daren, maganarsa ta fito fili. Kai kuwa ka rungume katinka, ka tura komai.

Yanzu kana kafa mini hujja da Chris Moneymaker, akawun Amurka da ya samo gurbi a gasar poker ta hanyar intanet, ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Shi ya san lokacin da ake zubar da kati.

Allah Ya rufa asiri da kuɗin bogi na manhaja kuke yi, da caca ce ta gaske da tuni Kawu ya ji. Muharram dai na tafe, maganar kuɗin shara tana nan tsakaninmu, kuma ba a biyan sa da na bogi.